Gurnanin Jita Ba Ya Cikin Kwali

Da kakar bana na je gida Zakirai na tarar ana rigima a kan rago. Ɗan ƙanwata ne, wanda bai daɗe da gama sakandare ba, ya ce zai sayar da ragon da ya shekara yana kiwo, ya haɗa da kuɗin gyaɗar da ya noma a gefen gonar mahaifinsa, ya sayi jita mai lantarki. Uwar tana share hawaye, uban ya daina amsa gaisuwarsa. Ni kuma da ake ganin na daɗe a birni, aka ce in ja shi gefe in yi masa faɗa.

Na ja shi gindin darbejiyar ƙofar gida. Kafin in buɗe baki ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, don Allah duba ka gani tukuna." Wani ɗan bautar ƙasa da ya koyar a makarantarsu ne ya bar masa tsohuwar jita ta katako, a kanta ya koyi kamun tsirkiya. Daga nan ya faɗa sauraron Black Sabbath da Metallica, irin kiɗan nan mai gurnani da ake kira hebi metal, ya kuma ƙudurta sai ya fitar da wannan sautin da hannunsa. Abin da ya nuna mini jerin kaya ne da ya tsinto daga bidiyoyin intanet: jita mai sunan wani shahararren makaɗi, amfilifaya mai wat 100, akwatin sifika huɗu, da feda shida. Muka buga lissafi ya haura dala 2,000, ban da kuɗin jirgi da na kwastan. Ko garken unguwar aka haɗa da ragon nasa, da kyar.

Ban yi masa faɗan da aka aike ni ba. Faɗan da ke bakina na wasu ne, kuma shi na kawo nan.

Na farko su ne waɗanda suka rubuta masa wancan jerin. Mutum ya zauna a ɗaki mai sanyi a Amurka ko Jamus, bayansa jitoci goma sha a rataye, yana gaya wa yaron da ke cajin waya a shagon mai janareta cewa ba zai sami "sauti na gaskiya" ba sai ya mallaki kaza da kaza. Da yawansu kamfanoni ne ke aiko musu da kayan, wasu har da ladan talla. Dillalai ne, kuma ban ga laifin dillali don ya yabi hajarsa ba. Laifin shi ne ya sa rigar malami.

Na yi shekaru ina gyaran rediyo da amfilifayar masallatai da ta 'yan biki, don haka bari in faɗi abin da wannan gurnanin yake. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da motar mai tallan maganin gargajiya ranar kasuwa ya san shi. Mai magani ya ƙure maɓallin ƙara, muryarsa ta fi ƙarfin na'urar, sai ta fito a tsage tana kaushi. Abin da ke faruwa shi ne saƙon da ke shiga ya wuce iyakar abin da na'urar za ta iya ɗauka, sai ta datse kawunan igiyar sautin, datsewar kuma ta haifar da waɗansu ƙananan sautuka a kan na asali. Shi ke nan. A sana'armu wannan ɓaraka ce, ita ake kawo mana mu gyara. Makaɗan rok da metal suka ji ta, ta yi musu daɗi, suka mai da ita ado. Shi ya sa ma suka fi kaɗa tsirkiya biyu a tare maimakon shida, domin idan sautuka suka yi yawa a cikin wannan datsewar sai su cakuɗe su zama kunu.

To ka duba waɗanda suka fara. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks reza ya sa ya yanka takardar sifikar wata 'yar ƙaramar amfilifaya, ya sami kaushin da ake ji a waƙarsu "You Really Got Me". Tony Iommi na Black Sabbath, wanda kusan kowa ya yarda shi ne uban wannan kiɗa, lebura ne a wata masana'antar ƙarfe a Birmingham ta Ingila. Yana da shekara 17, a ranar da zai bar aikin, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, kuma da yake bahago ne, hannun da yake danne tsirkiya da shi ke nan. Ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke ya yi wa yatsun hula, ya nemi tsirkiya marasa kauri don kada su yi masa ciwo, daga baya ya sassauta ɗaurinsu suka koma ƙasa. Wannan sassautawar, wadda ta fito sosai a faifansu na 1971, Master of Reality, tana cikin abin da ya ba kiɗan nauyin da ake yi masa kirari da shi. Wato lalura ce ta haifi rabin sautin. Eddie Van Halen kuwa da kansa ya harhaɗa jitarsa da ta yi suna, gangar jiki ta dala 50 da wuya na dala 80. A Suwidin, samarin da suka yi faifan Left Hand Path a 1990 wata feda mai arha suka samu, Boss HM-2, suka murɗa maɓallanta huɗu har ƙarshe, suka jona ta da ƙaramar amfilifaya. Kamfanin ya daina ƙera fedar a 1991. Da sautin ya zama abin nema, tsofaffinta suka yi tsada, sai a 2021 aka sake fito da ita da sabon farashi. Haka kasuwar take: talaka ya ƙirƙiro abu da tarkace, a jira ya yi suna, a zuba shi a kwali, a dawo a sayar wa wani talakan a ce masa in ba wannan ba, ba shi da rabo.

Sai maganar da babu mai bidiyon da zai taɓo, domin bai san ta ba, wato wuta. Amfilifayar da yaron ya rubuta irin mai bawul ce, waɗannan kwalaben gilashi da ke cikin tsofaffin rediyo. Suna zafi, suna tsufa, ba sa son jijjiga, ba sa son wutar da ke hawa da sauka. Ka ɗora ta a bayan mota daga Kano ta hanyar Gezawa, ka jona ta da ƙaramin janareta a zafin bazara, ka ga kwana nawa za ta yi. In bawul ɗaya ya mutu, ba a teburin mai kayan waya za ka same shi ba. Sannan kayan da aka ƙera don Amurka wutar bolt 120 suke ci, tamu 230 ce. Na sha ganin wanda ɗan'uwansa ya aiko masa da na'ura daga waje, ya jona ta da murna, hayaƙi ya tashi kafin ya zauna. Wat 100 ɗin ma don filin wasa aka yi shi. Kunne ba ya lissafi irin na kanti: sai ka ninka ƙarfin amfilifaya wajen sau goma kafin a ji ƙarar ta ninka sau biyu. Mai wat 20 ko 30 ta isa ta hana unguwa barci a garin da dare ke yin tsit, kuma wannan ma wata fitinar ce da zan dawo kanta.

Abin da na ce masa ya nema kaɗan ne. Jita ta hannu, ko 'yar Kwatano ce, daga shagunan Sabon Gari da ke sayar wa majami'u kayan kiɗa. Kada ya kalli fenti ko sunan da ke kanta, domin na jabu sun fi na gaske yawa. Ya kalli wuyan ya ga a miƙe yake, ya danna kowace tsirkiya tun daga sama har ƙasa ya ji ba inda take shaƙewa, ya ɗaure ta ya kaɗa na minti goma ya ga ko ɗaurin ya zauna. Ya guji mai sandar nan ta lilo da ake kira Floyd Rose, wadda tsirkiya ɗaya in ta tsinke sauran biyar duk su rikice, a garin da sai ka yi tafiya kafin ka sami canji. Abu guda da na ce kada ya sassauta a kansa shi ne kunnen jitar, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar motsinta. Iri biyu ne. Mai naɗi ɗaya yana da zaƙin murya, amma yana kwaso gunjin wutar lantarki, kuma da ka ƙara gurnani sai gunjin ya ƙaru tare da shi. A gidajenmu da yawanci ba a ja wayar ƙasa ba, ga janareta a bayan ɗaki, abin ba ya sauraruwa. Mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957, an tsara naɗin nasa ne suna adawa da juna, gunjin ɗaya ya kashe na ɗaya. Wannan ba ado ba ne a Zakirai, larura ce. Sai ƙaramar amfilifaya mai tiransista, wadda kowane mai gyaran rediyo zai iya buɗewa, da feda ɗaya mai cin batir na bolt 9. Sai tsirkiya ta ajiya kamar ƙulli uku, masu ɗan kauri in yana son sassauta ɗauri irin na Iommi, don kada su riƙa lilo. Sai tsumma. Gumin damina yana sa tsirkiya tsatsa, hunturu kuma yana busar da katako har ƙarafan wuya su leƙo su riƙa yankar hannu. Jitar da ake gogewa ana sa ta a jaka ta fi ta dala dubu da aka jingine a bango.

Ba na cewa kaya masu tsada ƙarya ne. Jita mai kyau ta fi daɗin hannu, ta fi riƙe ɗauri, kuma akwai araha irin wadda ke sa yaro ya tsani kiɗa gaba ɗaya saboda tsirkiyar ta yi nisa da wuya tana yanka masa yatsu. Wanda kiɗa ya zama sana'arsa, yana cin abinci da shi, ya sayi abin da ya ga dama. Amma tsakanin jita mai kyau da jita mafi tsada, abin da ya rage ɗan kaɗan ne, kuma wanda bai shekara biyu da fara koyo ba kunnensa ma ba zai ji shi ba. Nauyin da yake nema yana gefen tafin hannunsa na dama, inda ake ɗora shi a kan tsirkiya kusa da jaki a toshe ta, tana fita guntu-guntu kamar saukar taɓarya. Yana cikin daidaituwar hannu da mai ganga. Sabon shiga kullum ƙure maɓallin gurnani yake yi, ya kashe na tsakiya, ya ji kamar ya kai, alhali daga nesa ƙudan zuma kawai ake ji. A rage gurnanin, a bar tsakiyar, a buga da ƙarfi. Wannan ba a sayar da shi, shi ya sa ba a tallarsa.

Na biyu da nake da magana da su suna gida. Su ne masu cewa, "Ina ruwan Bahaushe da jita? Wannan ba kiɗanmu ba ne." Na ji ta daga bakin mijin ƙanwata, na kuma ji ta daga bakin 'yan boko masu rubuce-rubuce a kan al'ada, kuma ta 'yan bokon ta fi ba ni haushi, domin su sun san tarihi.

In maganar halacci ce, wannan fagen malamai ne, kuma saɓaninsu a kan kayan kiɗa ya girmi jita da ɗaruruwan shekaru. Wanda ya ɗauki fatawar hani ya bar kiɗa duka, na girmama shi, ya tsaya a kan abu ɗaya. Wanda ban gane masa ba shi ne mai waya cike da waƙoƙin fim, wanda aka yi bikin 'yarsa da DJ, amma jita ce kaɗai ta zama baƙuwa a wurinsa. Fiyanon Yamaha da ta mamaye situdiyoyin Kano tun ƙarshen shekarun 1990, a Dala aka ƙera ta? Na'urar da ke lanƙwasa muryar mawaƙi har ta koma kamar ta aljana, gadon Bagauda ce? Mun karɓi akwatin da ke kwaikwayon kalangu da sarewa da dannawar yatsa ɗaya, muka sallami makaɗa, yanzu mutum ɗaya da kwamfuta ya isa. A cikin shekarun nan yara nawa suka zauna suka koyi kukuma irin ta Garba Supa ko Hassan Wayam, ko gurmi irin na Haruna Uji? Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, a nuna mini layin masu kuntigin da suka biyo bayansa. Ba jita ce ta yi wannan ɓarnar ba. Yau ga yaro ya ce yana so ya ji tsirkiya a ƙarƙashin yatsunsa, ya yi kanta, ya shekara yana maimaita abu ɗaya har ya iya, wato tarbiyyar da ta yi makaɗanmu na da, sai shi ne za a kira ɗan koyi da Turawa.

Jitar ma ba yau ta shigo ba. Bala Miller ya yi shekaru a Kaduna yana rera Hausa a kan jita da ƙaho. A Yamai akwai ƙungiyar Tal National, wadda jagoranta Almeida ya yi aikin alƙali, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci a kan jita mai gudu kamar ana kora ta. Sai Mdou Moctar, Buzu daga jihar Tawa, wanda ya taso a gidan da ba a son kiɗa, ya ƙera jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Shi ma bahago ne, abin ya ba ni dariya da na lura. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da salon situdiyon Hausa na lokacin da muryar na'ura da komai, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth har suka ƙetare sahara. Yau da faifai irin su Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024, manyan jaridun kiɗa na duniya suna lissafa shi cikin gwanayen jita na wannan zamani. Ba metal yake yi ba, kada a ce na faɗa, amma jitarsa tana ihu, kuma a filin biki da janareta ta koyi ihun. Tsakanin Sakkwato da Kano tafiyar yini ce.

Cewa kuma gurnani da kaushi ba ɗabi'ar kunnenmu ba ce, wannan sai wanda bai taɓa tsayawa kusa da kakaki ko algaita ba. Kuntigi gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya ɗaya, amma sai an maƙala masa ɗan ƙarfe mai zobba a kai don ya riƙa zuza, wato da gangan ake ƙazanta sautin. Goge izgar doki ce a kan izgar doki, kukansa a tsage yake. Muna da kiɗan 'yan tauri da ake yi ana gwada wuƙa a ciki, muna da Kassu Zurmi, muna da Ɗan Anace a filin dambe, muna da dundufar maƙera da ake kaɗa wa masu wasa da wuta. Kiɗan da aka haifa a garin masana'antun ƙarfe, aka sa masa sunan ƙarfe, a ce ba shi da dangi a ƙasar da maƙera ke da gangarsu ta kansu? Yawancin jimlolin Black Sabbath a kan sautuka biyar suke tafiya, kamar yadda yawancin kiɗan kukuma da gurmi yake. A Kinshasa, Mawangu Mingiedi na Konono No. 1 maganaɗisun tsofaffin motoci ya kwance ya yi wa kayan kiɗan gargajiyarsu kunne, sautin ya fito a tsage, da faifansu Congotronics ya fita a 2004 'yan rok na Turai suka yi ta tururuwa. A Botswana har bikin metal ake yi a garin Ghanzi, a cikin hamadar Kalahari. Mu ne kawai aka ce tsirkiyarmu ba ta da izinin shiga amfilifaya.

Inda nake ba mutanen gida gaskiya shi ne ƙara. Gari ne da gida ke jingine da gida, ga tsofaffi, ga marasa lafiya, ga masallaci a kowace kusurwa. Yaron da ya kunna gurnani bayan isha'i ya ci haƙƙin maƙwabta, ko da Iommi ne da kansa. Ƙananan amfilifayoyin yanzu suna da ramin abin sawa a kunne, ya yi amfani da shi. In yana son ya ji iska tana motsi, ga gona nan bayan an yi girbi.

Shi ma yaron bai tsira daga bakina ba. Na ce masa in burinsa ya zama Metallica ta biyu, ya bar ragon ya huta, domin ta farkon tana nan da ranta, kuma akwai yara dubu ɗari a duniya da suka riga shi haddace ta, da wuta a gidajensu dare da rana. Abin da babu mai shi sai shi, shi ne kunnen da ya tashi da gangar noma da kalangun mahauta. Ya ɗauki jimlar kukuma guda ɗaya ya sassauta ta ƙasa, ya toshe ta da tafin hannu, ya samo abokinsa mai kalangu su zauna su ga abin da zai fito. Wataƙila shirme, wataƙila a'a. Ya ce, "Kawu, ai su 'yan metal ba haka suke yi ba." Na ce na sani.

Ranar Asabar muka shiga Kano tare. Shago na huɗu muka sami wata baƙar jita 'yar Indunusiya, fentinta ya ɗaɗɗaye a gefe, amma wuyan a miƙe, da kunne mai naɗi biyu a kusa da jaki. Maɓallin ƙararta yana ƙarzuwa, na ce wannan aikin minti biyar ne. Amfilifaya kuwa na ba shi wata mai wat 15 da wani ya kawo gyara shekara uku da suka wuce bai dawo ba. Kuɗin gyaɗar ya biya jitar da feda da tsirkiya ƙulli biyu, har ya yi ragowar na mota. Ragon yana nan a turke, uwar ta ce na layya ne. Uban har yanzu bai ce komai ba, sai dai ƙanwata ta gaya mini a waya cewa shekaranjiya ya tsaya a bakin zaure ya ɗan jima, sannan ya tambaye ta ko wannan abin da yaron ke ta maimaitawa ba kiɗan Garba Supa ba ne.